Daga Addis Ababa zuwa Nairobi: yadda ake shirya tafiyar awa biyu tsakanin garuruwan tudu

Mutanenmu na Garwa, Marwa, Ngaundare da Njamena da ke leƙa gabashin Afirka sukan haɗa Addis Ababa da Nairobi a tafiya guda. Wani fatauci ke kai shi, takalman fata da gahawa a kasuwar Merkato ta Addis, sutura da kayan mata a unguwar Eastleigh ta Nairobi. Wani taro ne, wani asibiti, wani karatu. Kusan kowa doguwar tafiyar yake bai wa hankalinsa, wato daga gida zuwa Habasha, sai ya ɗauki guntun da ke tsakanin biranen biyu kamar shiga mota daga Garwa zuwa Gidar. A nan ake samun matsala. Tazarar ba ta kai kilomita 1,200 ba, jirgi yana cinye ta cikin kusan awa biyu, amma iyaka ce cikakkiya: wata doka, wani kuɗi, wani duwan. Ga kuma tudu. Addis tana sama da mita 2,300 daga matakin teku, Nairobi kusan 1,800, alhali Garwa da Njamena ba su wuce 300 ba. Jikinka zai san ya hau, jirgin ma haka.

Fara da hanyar fita daga gida

Kafin ka taɓa maganar Nairobi, yanke shawarar inda za ka tashi. Na Marwa da Kusiri ya fi kusa da Njamena: ya ƙetare gadar Ngeli a kan kogin Logon, ya nufi filin jirgin Hassan Djamous, inda Ethiopian Airlines ke ɗaukar mutane zuwa Addis, tafiyar kusan awa huɗu. Sai dai hanyar Mora, Waza da Dabanga ba ta da alƙawari, ga lalacewa ga batun tsaro, kuma iyaka ba a buɗe take dare da rana ba. Shigo Njamena kwana ɗaya kafin ranar tashi, ka kwana wajen ɗan'uwa ko masauki. Na Ngaundare kuwa jirgin ƙasa na dare zuwa Yawunde ya fi masa, ya tashi daga Nsimalen ko ya ƙarasa Duwala. Shi ma kada ya lissafa da cewa jirgin ƙasa zai iso da safe ya hau na sama da rana.

Tikiti ɗaya, ba biyu ba

Wannan shi ne ƙashin bayan shirin, don haka zan daɗe a kansa. Kamfanoni biyu ne ke riƙe da hanyar Addis zuwa Nairobi, Ethiopian Airlines da Kenya Airways, kuma ana tashi fiye da sau ɗaya a rana. Idan ka buɗe waya kana kwatanta farashi, za ka iya ganin cewa yankar Njamena zuwa Addis daban, Addis zuwa Nairobi daban, ta fi araha da 'yan jakunkuna. Kada arahar nan ta ruɗe ka in dai wucewa kawai za ka yi.

Ga dalili. Idan tafiyar duka tana kan tikiti ɗaya, lamba ɗaya, kamfani ya ɗauki nauyin kai ka har ƙarshe. Jirgin farko ya yi latti ka rasa na biyu, su za su saka ka a na gaba ba tare da ka ƙara ko dala ba. Kayanka ma tun daga gida ake manna musu takardar Nairobi, ba ka sake ganin su sai can. Idan kuwa tikiti biyu ne, to a idon kamfani na biyu kai fasinja ne da bai zo ba, kuɗinka ya tafi. Kuma dole ka fita ta shige da fice a Addis, ka ɗauki akwatunanka, ka sake awo, abin da ke nufin sai kana da izinin shiga Habasha ko da niyyarka ba ta wuce zaman awa uku a benci ba.

Wanda zai kwana biyu ko uku a Addis don sari, shi ma bai kamata ya raba ba. Ka gaya wa mai yankar tikiti a azans ɗin cewa tafiya mai zango da yawa kake so: gida zuwa Addis ranar kaza, Addis zuwa Nairobi ranar kaza, Nairobi zuwa gida ranar kaza, duka a takarda guda. Ribar a wajen nauyin kaya take. A yawancin hanyoyin ƙasa da ƙasa na Ethiopian, mai kujerar talakawa yana da akwati biyu na kilo 23 kowanne, da jakar hannu ta kilo 7. Tikitin da aka yanka shi kaɗai na gajeren zango, musamman mafi araharsa, yana iya zuwa da ƙasa da haka, sai ka tsinci kanka gaban sikeli a Addis ana lissafa maka kuɗin akwati na biyu da dalar Amurka. Kafin ka biya, sa yatsa a kan layin kaya na kowane zango, ka karanta da idonka.

Abu biyu kuma da ake yawan tuntuɓe da su. Na ɗaya, sunanka a tikiti ya zama harafi da harafi yadda yake a fasfo. Mu nan rubutun Faransanci gare mu: wanda fasfonsa ya ce Ousmanou ko Mahamat, kada ɗan'uwansa da ke Kano ya yanka masa da Usman ko Muhammad. Na biyu, ba a tsallake zango. Idan ka fasa hawa guntun Addis zuwa Nairobi ba tare da an gyara tikitin ba, na'ura tana soke duk abin da ya rage, har da na komawa gida.

Ga mai wucewa, ina ganin awa biyu zuwa uku a Bole, filin jirgin Addis, shi ne daidai. Kwamfuta tana iya sayar maka da ratar da ba ta kai haka ba, amma da yamma zuwa dare jiragen Afirka ta yamma da ta tsakiya suke sauka kusan a tare, layin bincike ya yi tsawo, sau da yawa kuma bas ke kwaso mutane daga gindin jirgi. Idan jiran ya kama tsakanin awa 8 da 24 kuma babu jirgin da ya fi kusa, Ethiopian kan ba mai tikiti ɗaya masauki da abinci. Tambayi wannan tun a wurin yanka, ba bayan ka sauka ba.

Lokacin shekara da lokacin yini

Damina babba a Addis daga Yuni zuwa Satumba take, da ruwan la'asar da hazo. Nairobi tana da biyu, ta Maris zuwa Mayu da ta Oktoba zuwa Disamba, sannan Yuni zuwa Agusta sanyi ne da lumshi. Otal a Addis yakan yi wuya a Fabrairu saboda taron ƙolin Tarayyar Afirka, kujerun jirgi kuma su yi tsada wajen Kirsimetinsu na 7 ga Janairu, bikin Timkat na 19 ga watan, da sabuwar shekararsu ta 11 ga Satumba. Nairobi tana cika da masu zuwa kallon namun daji daga Yuli zuwa Oktoba, da kuma Disamba.

In an ba ka zaɓi, ɗauki jirgin safe. A kan tudu iska ba ta da kauri, in rana ta yi zafi kuma ta ƙara sirancewa, sai fiffike da inji su samu ƙarancin abin turawa. Shi ya sa za ka ji jirgi ya daɗe yana gudu a titin Bole kafin ya ɗaga. Ba matsala ba ce, lissafin wurin ke nan. Amma lissafin nan ne kan sa wani lokaci a rage nauyi, kuma yawanci akwati ake bari, ba mutum ba. Da safe iska tana da sanyi, gajimaren tsawa bai taru ba, in kuma an soke tashin akwai sauran jirage a ranar. Akwai na dare da ke sauka Nairobi bayan tsakar dare. Baƙon da bai san gari ba, musamman Hajiya da ke tafe ita kaɗai, ya bar shi sai in akwai mai tarba.

Wani zai tuna cewa a wannan hanyar ce jirgin Ethiopian mai lamba 302 ya faɗi ranar 10 ga Maris 2019, mintuna kaɗan da tashi, kusa da Bishoftu, mutum 157 suka rasu. Allah ya ji ƙan musulmin cikinsu. Ba dutse ya buga ba, ba hazo ba ne. Wata na'ura ce a samfurin Boeing 737 MAX da ke danna hancin jirgi ƙasa bisa bayanin ƙarya daga ma'auni guda. An dakatar da samfurin a duniya kusan wata ashirin har aka gyara tsarin.

Takardu

Fasfo ya kasance da sauran aƙalla wata shida daga ranar shiga, da shafuka biyu ko fiye da ba a buga komai a kansu ba. Katin ɗan ƙasa da yarjejeniyar CEMAC, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta tsakiya masu amfani da sefa, iyakarsu tsakanin Kamaru, Chadi da maƙwabtansu. Ba su da aiki a Bole.

Habasha ta buɗe wa 'yan Afirka biza a filin jirgi a Nuwamba 2018, tana kuma da ta intanet a shafin gwamnati. Ni ta intanet nake ba da shawara, a buga ta a takarda, domin ma'aikacin awo a Njamena ko Duwala shi ne alƙalin farko, kuma takarda a hannu ta fi dogon bayani. Lura da cewa in za ka shiga gari a tafiya, ka sake shiga a dawowa, bizar shiga sau ɗaya ba za ta ishe ka ba. Kenya kuwa ta soke biza a Janairu 2024 ta kawo izinin intanet da ake nema kafin tafiya, sannan a 2025 ta ɗauke wa yawancin ƙasashen Afirka shi. Dokar da ta sauya sau biyu cikin shekara biyu tana iya sake sauyawa, saboda haka mako guda kafin tashi sa kamfanin jirgin ya duba maka abin da ake nema ga fasfonka. Ka yi hankali da shafukan 'yan damfara masu kama da na gwamnati, masu ninka kuɗi.

Katin rigakafin shawara, mai ruwan ɗorawan nan, dole ne. Kamaru da Chadi suna cikin ƙasashen da cutar take, Habasha ma haka, don haka a Nairobi ana iya tsayar da kai tun kafin layin fasfo. Allurar tana fara aiki a takarda bayan kwana 10, kuma tun Yuli 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sau ɗaya ta isa har ƙarshen rai. Haɗa da tikitin komawa da adireshin masauki a rubuce. Ɗauki hoton komai a waya, ka tura wa wani a gida.

Kuɗi da waya

Sefa ba ta da kasuwa a Addis ko Nairobi. Canja tun a gida zuwa dala ko yuro. Yuro tana da sauƙin lissafi tunda an ɗaure ta da sefa a 655.957, amma dala ta fi karɓuwa a gabas. Nemi sababbin takardu masu tsabta. Tsohon bugu, mai yagewa ko wanda aka yi wa rubutu, ana mayar da shi ko a karya masa farashi. Ƙa'idar BEAC, babban bankin ƙasashenmu, ta sa iyaka a sefa miliyan 5 ga matafiyi, abin da ya haura sai da takardun shaida, kuma a Kenya ana bayyana abin da ya kai dalar Amurka 10,000. A Habasha canja a banki ko wurin canji mai lasisi, ka adana rasit. Tun Yuli 2024 da aka saki farashin bir, kuɗin Habasha, ribar kasuwar bayan fage ta ragu, haɗarinta bai ragu ba. Canja kaɗan-kaɗan, don bir ɗin da ya rage a aljihunka ba zai saya maka ko shayi a Nairobi ba.

A Kenya kusan komai da M-Pesa, wato kuɗin waya, ake biya, har mai tallan ayaba. Sayi layin Safaricom da fasfonka a filin jirgi, ka sa a buɗe maka. Kan caja ma ya bambanta: na Habasha mai ƙafa biyu zagayayyu ne irin namu, na Kenya mai ƙafa uku ne irin na Ingila da Najeriya.

Jiki da tudu

Wanda ya baro Garwa a Afrilu, zafi ya haura 40, ya sauka Addis da dare, abin da zai fara dukansa sanyi ne. A Disamba da Janairu dare kan sauka ƙasa da 10. Rigar sanyi a jakar hannu take tafiya, ba a akwati ba. Na biyu shi ne numfashi. Iskar Addis kusan kashi uku cikin huɗu ce ta ta bakin teku. Za ka hau matakalar bene ɗaya da jaka a kafaɗa, ka tsaya a tsakiya ka dafa bango kana haki, zuciya na bugawa a kunne, kai da kake zagaye babbar kasuwar Marwa tun safe ba ka zauna ba. Ciwon kai kaɗan, barci mai yankewa da bushewar leɓe duk na ranar farko da ta biyu ne. Sha ruwa da yawa, ci kaɗan, tafi a hankali, kada ka sa zagayen Merkato a ranar da ka sauka, hawan dutsen Entoto kuwa, da ya kai wajen mita 3,000, bar shi sai ƙarshe. Na Ngaundare, da ya saba da tudun Adamawa, abin yakan zo masa da sauƙi.

Ga wasu ba ƙaramin zance ba ne. Mai sikila, mai ciwon zuciya ko huhu, mai hawan jinin da bai daidaita ba, da mai tsohon ciki su ga likita kafin a yanki tikiti, ba bayan an yanka ba. Ƙarancin iska da bushewar jiki na cikin abubuwan da ke tayar da ciwon sikila. Irin waɗannan in tafiyar ta zama dole, ya fi su wuce Nairobi kai tsaye su fara zama a can, tunda ta fi ƙasa, sannan su tsaya Addis a dawowa. Kuma in zazzaɓi ya rufe ka a can, kada ka ce tudu ne. Tudu ba ya kawo zazzaɓi. Mai yiwuwa cizon sauron gida ne ka yi guzurinsa. Je a gwada jini, ka gaya musu daga inda ka fito.

Agogo da alƙibla

Biranen biyu agogonsu ɗaya, suna gaban Kamaru da Chadi da awa biyu, kuma lokacin tashi da ke kan tikiti na garin da jirgin zai tashi ne, na sauka kuwa na garin da zai sauka. Tarkon yana bakin mutanen gari. Habashawa daga fitowar rana suke fara ƙirga awa, masu Swahili ma haka, saboda haka ƙarfe bakwai na safe a wurinsu ƙarfe ɗaya ne. Direban da ka ce wa ya zo ƙarfe biyar yana iya zuwa da sha ɗaya na rana, jirginka ya daɗe da sauka Nairobi. Rubuta masa lokacin a waya da lambobi, ka nuna masa, ka tabbatar na ƙasashen waje kuke nufi ku biyun. Kwanan wata ma haka, kalandar Habashawa mai wata 13 ce kuma shekararsu tana bayan tamu.

Mu a gida gabas muke fuskanta, da ɗan karkata arewa. A Addis alƙibla kusan arewa sak take, a Nairobi ma arewa ce da ɗan karkata gabas. Filayen jirgin biyu suna da wurin salla. Tafiyar ta wuce mil 48 nesa ba kusa ba, ƙasaru ta halatta, sai dai a mazhabar Malikiyya wanda ya yi niyyar zaman kwana huɗu cikakku a gari ya cika sallarsa. Juma'a a Addis akwai masallacin Anwar a Merkato, a Nairobi akwai Jamia a tsakiyar gari. Wajen nama, mahautan Habasha a rabe suke, na Kirista da alamar gicciye, na Musulmi da jinjirin wata.

Abin da ke shiga jaka

Batirin cajin waya a jakar hannu, ba a akwati ba. Ruwa-ruwa a hannu kada ya wuce mililita 100 kowace kwalba, don haka humra da turaren Hajiya su shiga akwati, a naɗe da kyau. Kenya ta haramta leda tun 2017. Kayan da aka ƙulla a baƙar leda a sauya musu jakar yadi. Kilishi da man shanu kayan dabba ne, duwan na da ikon karɓewa, goro mai yawa ma a bayyana shi. Magani ya tafi a kwalinsa da takardar likita, musamman masu ƙarfi irin tramadol. Ganyen cat da za ka ga ana tauna a fili a ƙasashen biyu, kada ya bi ka cikin jirgi. Saƙon wanda ba ka sani ba kuwa, ko ya haɗa ka da Allah da Annabi, ka ba shi haƙuri.

Ranar tashi da sauka

Bole a cikin gari yake, amma ana bincike tun daga ƙofar shiga, sannan a sake kafin ƙofar jirgi. Iso awa uku kafin lokaci, kamar mai zuwa Jidda. Gajartar tafiya ba ta gajarta layi. Nemi kujerar taga. In sama ta washe za ka ga tafkunan babban kwarin da ya tsaga Habasha, sai busasshiyar ƙasar arewacin Kenya, can gab da sauka kuma ƙololuwar dutsen Kenya mai mita 5,199 ta huda gajimare.

Jomo Kenyatta ne filin da za ka sauka, ba Wilson ba, wanda na ƙananan jirage ne. Ka tabbatar mai tarbarka ya san haka. Uber da Bolt suna aiki a Nairobi, a Addis kuwa Ride da Feres. Babban titin sama da aka buɗe a 2022 yana rage cunkoso, amma ana biya, ku daidaita da direba wa zai biya kafin mota ta tashi. A Kenya hagu ake tuƙi, saboda haka in za ka ƙetare titi dama za ka fara duba.

Idan bel ɗin da ke fito da kaya ya tsaya akwatinka bai fito ba, kada ka bar zauren. Je teburin kayan da suka ɓata da ɗan guntun takardar da aka manna maka a bayan katin shiga jirgi, a cika maka takardar rahoto, ka karɓi lambarta, ka bar lambar wayar da ke aiki a Kenya da adireshin masauki. Yawanci kayan suna biyo jirgi na gaba. Akwatin da ya iso a fashe, kana da kwana 7 ka shigar da ƙorafi a rubuce. Wanda ya makara, kwana 21 daga ranar da aka miƙa maka shi. Ajiye rasit na duk abin da ka saya na dole kafin ya iso, da shi ake neman a biya ka.